Kwotashin hit pomp a Ingila: kafin ku kalli farashi, ku nemo wadannan lambobin biyu

[Hoto: takardu uku a kan tebur, hannu na juya su]

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan duk gurup din 'yan arewa na nan Ingila da ka leka maganar daya ce, mutum zai turo hoton kwotashin uku na saka hit pomp, wato injin dumama gida mai aiki da lantarki, a gidansa, kamfanin farko yace injin kilowat 5 ya isheka, na biyu yace 8, na uku yace kai sai 12, kudi kuma kowa da nasa, bawan Allah yana tambaya to waye barawon a cikinsu. Sai ka ga ana ta bashi amsa, Alhaji dauki babban kawai ka huta. Wannan amsar ce ta sa na hada bidiyon nan.

[Hoto: injin a bayan gida, fankarsa na juyawa]

Shi dai injin ba wani abin mamaki bane, aikin AC ne aka juya shi, yana jawo zafi daga iskar waje ko da ana sanyi, ya zuba shi cikin ruwan da ke zagaya radiyetocin gida. Maganar tallafi ma a takaice: a Ingila da Wales akwai Boiler Upgrade Scheme tun 2022, da fam 5,000 ake bayarwa, a Oktoban 2023 aka daga zuwa fam 7,500. Ofgem, hukumar da ke sa ido kan harkar gas da lantarki, ita ke kula da shi, kuma ba kai zaka nema ba, kamfanin da zai maka aikin ne zai nema, dole kuma ya zama yana da rajistar MCS, wato tsarin da ke tantance masu hada irin wadannan injuna. Mutanen Scotland naku daban ne, ta Home Energy Scotland ake bi. Abin lura kawai, wani kamfanin ya riga ya cire tallafin daga farashin da ya rubuta, wani bai cire ba, to kada ka gwada wanda aka cire da wanda ba a cire ba ka zo kana mana ihu. Shikenan mu wuce.

[Hoto: mai safiyo yana auna taga da tef]

Lamba ta farko, zafin da gidanka ke zubarwa. Kowane gida yana yoyon zafi ta bango, ta taga, ta rufi, ta kasan kofa. Aikin mai safiyo shine ya shiga daki-daki ya auna, ya duba bangon nan bulo ne zalla ko mai rami a tsakiya, gilashin taga falle daya ne ko biyu, akwai auduga a saman silin ko babu, sannan ya lissafa kilowat nawa gidan ke asara a ranar da sanyi ya kai makura, wajen digiri 2 zuwa 4 kasa da sifili gwargwadon garin da kake. Girman injin daga wannan lissafin yake fitowa. Duk wanda ya baka farashin karshe ta waya bai taka kofar gidanka ba, kiyasi ya baka, ka rike shi a matsayin kiyasi.

Mu kuma matsalarmu tunanin janareta muka taho da shi daga gida, wai gara ya yi yawa da ya gaza, ka sayi babba ya dauki firji da famfo da komai. Hit pomp ba haka yake ba. Yana son ya yi ta aiki a hankali a hankali na tsawon awanni, in ya fi karfin gidan kuwa sai ya kunna ya dumama ruwa cikin 'yan mintuna ya mutu ya sake tashi, haka zai wuni, wuta na tafiya, kwamfuresa na gajiya, kai kuma ka biya kudin babban inji a banza.

Wani zai ce ai boilata ta gas kilowat 30 ce, ta ina 6 zai rike ni? Wancan 30 din saboda ruwan wanka ne, don ta dafa ruwa nan take in ka bude shawa, dumama daki bai taba bukatar ko rabinsa ba a yawancin gidaje. In kana son gwaji na kanka dauko bil din gas, duba kilowat-awa nawa ka sha a shekara, raba da 2,900. Lissafin bakin titi ne amma yana kama hanya. Matsakaicin gida a ma'aunin Ofgem na 2023 yana shan 11,500 a shekara, kun ga wajen kilowat 4 kenan. To in naka lissafin ya baka 5 kamfani yace 12, ba fada za ka yi ba, cewa za ka yi dan Allah turo min lissafin daki-daki in gani.

[Hoto: yatsa na bin layuka a takarda, ya tsaya kan 45]

Yauwa, nan nake so ku nutsu don nan ne kowa ke tsallakewa. Lamba ta biyu, zafin ruwan da zai rika shiga radiyeta. A takardar za ku ga an rubuta digiri 40, ko 45, ko 50, ko 55, yawanci da kananan rubutu can shafi na uku. Boilar gas tana tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70, radiyeta ta yi zafin da ba ka iya dafa ta. Hit pomp kuwa duk digirin da ka kara masa karin wahala ne, karin wahala kuma karin kudin lantarki ne.

Akwai abin da ake kira SCOP, wato in ya ci lantarki yunit 1, zafi yunit nawa zai baka a tsawon shekara. Ruwa mai digiri 35 zuwa 40 zai iya baka wajen 4, in aka kai shi 55 sai ya gangaro wajen 3 ko kasa. Kuma a kasar nan yunit din lantarki ya kai kusan ninki hudu na gas, shi ya sa tazarar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce ke raba wanda bil dinsa ya sauka da wanda ke zagin injin a Facebook.

[Allo: lissafi na fitowa layi-layi]

Mu kaddara gidanka na bukatar zafi yunit 12,000 a shekara. A kan 4, lantarki 3,000 za ka saya. A kan 3, 4,000. Bambanci 1,000, in muka ce pens 25 kowane yunit fam 250 kenan duk shekara, inji kuma ana sa ran zai yi shekara 15 ko fi. Ku buga da kanku.

To me yasa kamfani zai rubuta 55? Don kada ya canza radiyeta. Radiyetar da aka rubuta mata wat 1,000 a kanti, da ruwa mai wajen digiri 70 aka auna ta, ka bata ruwa mai 45 abin da za ta fitar bai wuce kashi daya cikin uku ba sai kadan. Saboda haka mai son yi maka aiki a 45 dole ya cire wasu ya saka masu fadi ko masu kauri biyu, kudinsa ya hau, shi kuma mai 55 ya bar maka tsofaffinka farashinsa ya fito da kyau a takarda. Ba lallai ha'inci yake ba, wani gidan babu wajen babbar radiyeta, wani mai gidan ne ma yace kar a taba masa bango, amma sai ka san abin da ka saya. Ni dai a ra'ayina in bambancin kudin bai taka kara ya karya ba, mai karancin digiri zan bi ko da ya fi tsada.

Sannan ku tambayi digiri nawa suka dauka za a ajiye dakunan. Su a ka'idarsu falo 21, dakin kwana 18. Mu kuwa, hmm, Hajiya ta zo daga Kano ganin jikoki a watan Janairu ka ce mata 18, ai da bargo za ta yi sallar asuba. In gidanka 23 ake zama fada masa tun ranar safiyo ya lissafa da haka.

[Hotuna da sauri: tanki, bututu, akwatin mita, katangar makwabci]

Sauran a guje. Lambar da ke jikin sunan injin ba lallai ita yake bayarwa ranar tsananin sanyi ba, wasu a digiri 7 aka auna su, a nuna maka abin da yake fitarwa a sanyin garinku. In boilarka irin mai dafa ruwa nan take ce baka da tanki, yanzu sai an sama masa waje, kuma gidan da ake da yara biyar ga baki ga alwala sau biyar kada a lallabo maka dan karamin tanki. Duba ko aikin lantarki da canjin siraran bututu da kwashe tsohuwar boila suna cikin farashin, don nan ake boye kari. VAT sifili ne kan wannan aikin har karshen Maris 2027, in ka ganshi a takarda tambaya. Dokar nisan mita daya daga iyakar makwabci an cire ta a Ingila a Mayun 2025, amma auna karar injin yana nan, kar ka jawo rigima da makwabciyar da dama bata amsa gaisuwarka.

Garanti kuma kashi biyu ne, na injin daga kamfanin da ya kera shi, Vaillant ne ko Daikin ko Mitsubishi, da na aikin hannu daga wanda ya hada, kowanne a rubuta maka shekarunsa da sharadin sabis na shekara-shekara. Masu haya kuma kuyi hakuri, wannan magana ce ta mai gida, sai dai ku tura masa bidiyon.