Lacca kan shara: daga bola zuwa wutar girki

Assalamu alaikum jama'a. Na baya can kuna ji na ko? To madalla.

Ku tambayi dattawan cikin birnin Kano, tun kafin a san wata hukumar kwashe shara wai ita REMASAB, manoman ƙauyukan kewaye ne ke shigowa da rani da jakunansu da mangala su kwashe juji su kai gona, domin toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da sauran tuwo, duk taki ne. Me ya ɓata wannan harka? Leda. Yau manomi in ya sa aka juye masa tifa guda, sai ya wuni yana tsintar ledar fiya wata da fasassun kwalabe da matattun batira, ga akuyarsa ta haɗiyi leda ta kumbura.

To wannan cakuɗar ita ce ke kashe maganar samar da gas ɗin girki daga shara ma. Yadda abin yake, ana zuba kashin shanu ko ruɓaɓɓen tumatir da ruwa a cikin tankin da aka rufe ruf, iska ba ta shiga, sai wasu ƙwayoyin halitta su yi ta cin abin, kamar dai yadda ake yi a tumbin saniya, cikin makonni uku zuwa shida gas ya fara taruwa a sama, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari nasa methane ne, shi ne mai kamawa da wuta, shuɗiya, babu hayaƙi. Ruwan da ya fito ta ɗaya gefen kuma taki ne mai kyau. Zafi yake so, mu kuwa Allah ya hore mana shi. Amma fa leda da yashi suka shiga, bututu ya toshe, shikenan an tashi.

Kuma ko ba ka gina tanki ba gas ɗin nan yana fita, shi ya sa za ka ga bola tana ta hayaƙi kwana da kwanaki alhali ba wanda ya cinna mata wuta. A Adis Ababa a 2017 tsaunin sharar Koshe ya zabtare, mutum sama da 100 suka rasu.

A Ashaiman ta ƙasar Gana akwai wani kamfani mai suna Safi Sana, su sharar kasuwa da ta mayanka da bahaya suke tarawa suna fitar da lantarki da taki. Ku lura daga ina suke ɗebowa. Ni a ganina mu ma nan ya kamata a fara, abbatuwa, kasuwar Yankaba, 'Yan Lemo, wuraren da sharar ke fitowa jiƙaƙƙiya iri ɗaya kullum safiya. Masana a cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato sun daɗe suna gina irin tankunan nan, ba sai an ɗauko bature ba.

Ƙarfe da roba da gwangwani kuwa 'yan jari bola sun riga sun ɗauke mana, kilo-kilo suke sayarwa, safar hannu da takalmi da rajista suke buƙata, a daina korarsu kamar ɓarayi.

Na gida shi ne mai wuya. Hajiya za ta iya ajiye bokiti biyu, ɗaya na sauran abinci ɗaya na leda, amma in yaron mai baro ya zo ya juye su wuri guda, ko mota ɗaya ta haɗe komai, ai wahalar banza ta sha, sati mai zuwa ba za ta sake ba. Dole a ware ranar ɗaukar jiƙaƙƙiya daban, a kuma biya mai baron kan abin da ya kawo a rabe.

Na ga hannu can gefen mata, a miƙa mata abin magana.