Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna a Taron Malaman Firamare na Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. A madadin shugabannin makarantun firamare da malamai da iyayen yara na Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, ina yi maka lale marhabin da zuwa Zazzau, kai da 'yan rakiyarka. Ka sauka a garin da Kwalejin Barewa ta dawo cikinsa a 1949, aka kuma kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a waɗannan makarantu, malamin firamare ne ya fara lura da su tun suna haɗa baƙi da wasali.

Abin da ya tara mu yau shi ne yadda malamin aji zai gane yaro mai baiwa, domin makin jarrabawar ƙarshen zango kaɗai ba ya bayyana shi. Na taɓa koyar da wani yaro a aji huɗu wanda kullum yake faɗuwa a Turanci, amma idan na rubuta lissafi a allo sai ya faɗi amsa kafin in ajiye alli, ta hanyar da ban koya masa ba. Da na bincika, ashe da yamma shi ke riƙe wa mahaifinsa lissafin cinikin hatsi a kasuwa. Wata yarinya kuma an yi mata shaidar surutu da rashin ji, alhali aikinta ta gama tun da wuri, zaman jira ne ya gundure ta.

Malamin da ke tare da yaro a aji kullum shi ke jin irin tambayoyinsa, ya ga saurin fahimtarsa da nacinsa a kan abin da ya gagari sa'o'insa. Sai dai mun sani idon malami ma yana kuskure, don mukan karkata ga yaro mai tsafta da ladabi wanda ya taso da Turanci a gida, mu tsallake mai kunya, ko 'yar tallar da ke zuwa a makare.

Saboda haka muke roƙon a ba malamanmu horo, ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a kusa, ga kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Muna fatan a samar da takardar lura iri ɗaya wadda malamai biyu za su cike a kan kowane yaro tsawon shekara, a ji ta bakin iyaye da malaminsa na allo, sannan a taimaka wa waɗanda aka gano su zauna jarrabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantar yara masu baiwa ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja.

Bayan jawabinka, ranka ya daɗe, za mu raka ka aji biyar ka duba littattafan yaran da kanka. Allah ya saka da alheri, ya mai da kai gida lafiya.