Maganin Ɗigawa Bayan Aikin Yanar Ido: Me Ya Sa Ba A Dainawa Lokaci Guda?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Duk wanda ya taɓa raka tsohonsa sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan Sakkwato ya san yadda safiyar cire bandeji take. Dattijon da ya shekara biyu ana jan hannunsa zuwa masallaci yakan buɗe ido ya gane fuskar jikansa, a yi ta hamdala, sannan a miƙa wa ɗan rakiya leda mai ƙananan kwalabe biyu ko uku. Waɗannan kwalaben su ne zancenmu na yau, domin likita kan gama nasa aikin cikin mintoci, amma ragowar aikin na makonni ne, kuma a gida ake yin sa.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yanar ido ce ke haddasa kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama. Maganinta shi ne a cire madubin cikin ido da ya yi hazo, a maye gurbinsa da na roba. Sai dai komai ƙanƙantar yankan, ido yana ɗaukarsa a matsayin rauni, don haka yakan saki sinadaran da ake kira furostagilandin, waɗanda ke buɗa jijiyoyin jini su sa ruwa ya riƙa tsattsafowa. Daga nan ne ja, zafi, hawaye da gudun haske suke fitowa.

Magungunan rage wannan kumburi iri biyu ne. Na farko shi ne dangin sitiroyid, irin su deksametazon da firednisolon, waɗanda galibi ake farawa da su sau huɗu a rana ko fiye, a riƙa ragewa mako bayan mako har tsawon makonni huɗu zuwa shida. Na biyu ba sitiroyid ba ne, dangin maganin ciwon jikin da muka saba da shi ne, irin su ketorolak, diklofenak da nefafenak. Wani likitan yakan fara bayar da shi tun kafin aiki, saboda yana hana baƙin tsakiyar ido tsukewa alhali ana buƙatarsa a buɗe. Kwalba ta uku kuwa yawanci ta kashe ƙwayoyin cuta ce, aikinta daban.

To, me ya sa ba a dainawa da zarar ido ya yi fari? Dalili shi ne akwai kumburin da madubin duba fuska ba ya nunawa. A can bayan ido akwai wani ɗan wuri da muke karatu da gane fuska da shi, kuma ruwa na iya taruwa a cikinsa makonni huɗu zuwa shida bayan aiki, wato daidai lokacin da majiyyaci ya ɗauka ya warke sarai. Sai ka ji Inna tana cewa, "Da farko ina ganin zaren allura, yanzu kuwa rubutun Alƙur'ani ya koma dishi-dishi." Masu ciwon suga suna cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari. Haka kuma, idan aka yanke sitiroyid farat ɗaya, kumburin da aka danne yana iya dawowa da ƙarfinsa.

Kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muni, shi ne zarcewa. Kwalba ta ƙare, Baba ya ji daɗinta, sai a aiki yaro kemis da tsohuwar kwalbar a ce a ba shi irinta, a yi ta ɗigawa wata da watanni, har maƙwabcin da idonsa ke ƙaiƙayi a sammasa. A jikin wasu mutane sitiroyid yana ɗaga matsin ruwan cikin ido, abin da muke kira hawan jinin ido, kuma yakan cinye jijiyar gani a hankali ba tare da wani zafi ba. Abin da ya cinye kuwa ba ya dawowa. Yana kuma iya rura gyambon baƙin ido. Shi ma nau'in da ba sitiroyid ba, ba a rasa shi da illa: yakan yi zogi, kuma mai bushewar ido sosai ko mai asma da ba ya jituwa da asfirin ya kamata ya faɗa wa likita tun farko.

Ga yadda ake ɗigawa. A wanke hannu da sabulu, a girgiza kwalbar idan maganin mai kama da madara ne, domin ƙarfinsa yakan kwanta a ƙasa. Majiyyaci ya ɗaga kai, a ja fatar ƙasan ido a hankali, a sa ɗigo ɗaya tak ba tare da bakin kwalbar ya taɓa gashin ido ba. Ya rufe idon, a danna lungun da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu. Idan kwalabe biyu ne, a bar minti biyar tsakaninsu, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40, alhali yawancin waɗannan magunguna ana so a ajiye su ƙasa da maki 25, don haka aljihun riga ko gaban mota ba mazauninsu ba ne. A nema musu wuri mai sanyi a ɗaki, ko da gefen randa ne. Lokacin hunturu a sa tabarau saboda ƙura, a ajiye kwalli, a kuma tambayi likita yadda za a yi da ruwan alwala da sujada a kwanakin farko. Kwalbar da ta kai makonni huɗu a buɗe, a jefar da ita.

Idan kuwa zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko gani ya ragu kwatsam, ko ido ya fara fitar da mugunya, wannan ya wuce aikin ɗigo. Kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Ko daga Illela ko Tambuwal ne, a kamo hanyar asibiti a ranar, a kuma taho da duk kwalaben a hannu.