Yadda Ake Cire Bambar Baya da Aka Yi wa Walda

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da warhaka. Ga tsohuwar a-kori-kura nan a gabanmu, mai ita yana son a sauya mata bambar baya. Da na leƙa ƙasa da sifana a hannu sai na ga babu noti ko ɗaya, wanda ya ɗaura ta walda ya yi mata kai tsaye a jikin shasi, wato ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai. To, sai yanka.

Kafin injin yanka ya taɓa ƙarfe, ku cire kan batir, na baƙar waya. Sannan ku duba inda tankin mai yake. A irin waɗannan motoci yana kusa da baya, kuma tururin fetur ya fi fetur ɗin kansa saurin kamawa. In kun ji warin mai, ku tsaya, a gyara yoyon tukuna. Ni na jiƙa tsohon bargo na rufe gefen tankin, ga abin kashe gobara a kusa da ƙafata. Na sauke safayar taya, na zare wayar fitilar lamba na ɗaure ta can gefe.

Ƙanena, matso da kyamara nan su gani. Kun ga wannan layin mai ƙulu-ƙulu? Shi ne waldar. Na goge tsatsa da laka da buroshin ƙarfe har ya fito fili, na bi shi da alli. Wannan ƙarfen mai kauri shi ne shasi, wannan kuma hannun bamba ne. Duk yankan da za ku yi, ya faɗa ta ɓangaren hannun bamba. Ina roƙonku a kan wannan, domin shasi ne ke ɗauke da kayan motar gaba ɗaya. Na taɓa karɓar wata da aka zurfafa mata yanka a wurin, da aka yi mata lodi sai tsagewa ta fara daga daidai bakin yankan. Gara ku bar ragowar ƙarfe ku gurje daga baya.

Yanzu na sa jak biyu a ƙarƙashin bambar, dama da hagu. Tana da nauyi, kuma in ta saki ba a tallafe ta ba, za ta matse faifan injin yankan ya fashe, ko ta faɗo muku a ƙafa.

Faifan da ke kan injin nan siriri ne, mai faɗin milimita 115, kaurinsa kamar milimita 1. Na yanka ne kawai, kada ku gurza da gefensa. Ku duba zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, akwai ranar ƙarewar aiki a rubuce. Kuma don Allah ku bar murfin kariyar injin a wurinsa, ku sa tabarau da safar hannu.

Bismillah. Ku lura tartsatsin ƙasa yake yi, nesa da tanki. Ba na dannawa, nauyin injin ya isa. Ina bin allin a hankali, in ɗaga, in duba, in koma. Bayan shasin nan bututun birki na iya bi ta ciki, shi ya sa na shafa da hannu tun farko.

To, na ci kusan duka kaurin waldar. Sauran na cizal da guduma ne. Ku saurara... kun ji ƙarar ta sauya? Ta saki ke nan. Haka za a yi wa ɗaya gefen, sannan mu biyu mu sassauta jak mu sauke ta.

Abin da ya rage a jikin shasi sai a sa faifan gurza mai kauri a bi shi sannu-sannu. Idan ƙarfen ya fara yin shuɗi, zafi ya yi yawa, ku dakata ya huce da kansa. Da ya yi sumul, a shafa fentin hana tsatsa yau ɗin nan, domin ɗanyen ƙarfe ba ya jimawa yake yin ja. Sabuwar bambar kuma da noti za mu ɗaure ta. Ƙanena, miƙo min gwangwanin fentin can.