Gyambon Da Ya Ƙi Rufewa

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum. Yau maganar gyambo za mu yi, eh gyambon dai da kuka sani, wanda za ka ga dattijo ya ɗaure ƙafa da tsumma shekara da shekaru yana zuwa kasuwa yana dawowa har mutane su saba su daina ce masa ya jiki. Akwai wani bawan Allah a unguwarmu da ya ƙone a ƙauri tun yana yaro wajen jin ɗumi lokacin sanyi, wurin ya warke ya bar tabo, sai da ya haura hamsin tabon ya fashe ya ƙi rufewa, aka yi ta wanki ana barbaɗa gari kusan shekara uku, ranar da aka kai shi asibiti aka ɗan yanki naman wurin aka auna sai aka ce kansa ce, wato ciwon daji. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ya same shi likitoci sun daɗe da saninsa, suna ce masa gyambon Marjolin, sunan wani likitan tiyata ne ɗan Faransa da ya yi bayanin irin wannan miki a 1828. Yawanci tsohon tabon ƙuna ne ko gyambon da ya daɗe, kuma sai ya yi shekara ashirin, talatin yana kwance lafiya kafin ya juya.

To me ya haɗa warkewar ciwo da ciwon daji? Ku duba abin da ke faruwa in wuƙa ta yanke ka wajen yanka albasa. Jini ya daskare ya toshe bakin wurin, fararen ƙwayoyin jini su taho su share datti da ƙwayoyin cuta, shi ya sa wurin yake kumbura ya yi zafi, sannan wasu ƙwayoyin halitta su zo kamar magina su shimfiɗa wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin, sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro su kawo abinci, fata ta rarrafo daga gefe da gefe ta haɗe. Abin mamakin da ya fi ɗaure min kai shi ne da an gama sai kowa ya ajiye kayan aiki. Ba wanda ya ce musu ya isa da baki, amma sun tsaya, ikon Allah kenan.

Ciwon daji kuwa duk waɗannan ma'aikatan yake kira, sai dai ba ya sallamarsu. Tun 1863 wani likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura akwai fararen ƙwayoyin jini cikin ƙarin daji, ya zargi daɗaɗɗen kumburi da haddasa shi. A 1986 Harold Dvorak na jami'ar Harvard a Amurka ya fito ya ce ƙarin daji rauni ne da ba ya warkewa, domin shi ma yana sa jijiyoyi su yi yoyo, ya jawo magina su gina masa matsuguni, ya sa a ja masa sababbin hanyoyin jini. Kafin shi ma a 1971 wani likitan tiyata na Amurka Judah Folkman ya ce in aka hana ƙari samun sababbin jijiyoyin jini ba zai iya girma ba, kuma daga wannan tunanin aka samo maganin Avastin da aka amince da shi a Amurka a 2004, wanda ɗaya daga cikin illolinsa shi ne yana jinkirta warkewar ɗinki, har likitoci kan jira kwana 28 bayan tiyata kafin su bada shi. Kun ga hanya ɗaya ce duka biyun suke bi.

Kuma wannan fa a gidanmu yake. Tsargiya da yaranmu ke ɗauka wajen wanka a kududdufi da magudanan noman rani, ƙwan tsutsar da ke kawo ta yana maƙalewa a jikin mafitsara ya yi ta ji mata ciwo tana gyarawa shekara da shekaru, daga ƙarshe wasu su kamu da dajin mafitsara. Haka ciwon hanta nau'in B yake wa hanta, alhali akwai rigakafinsa kuma ana yi wa jarirai tun ranar haihuwa.

Yanzu na san wani zai ce ai dama mun faɗa, daji ba ya son allura ba ya son ƙarfe. Don Allah ku saurare ni da kyau a nan, wannan maganar ta sa mun binne mutane da yawa. Abin da binciken ya nuna shi ne ciwon da aka bari yana ci yana ruruwa tsawon shekaru shi ne abin tsoro. Ɗan naman da likita zai yanka ya duba a madubin awo shi ne kaɗai zai tabbatar ko daji ne ko ba shi ba ne, in kuma an ga mutum ya rasu bayan an taɓa shi a asibiti, sau tari sai da abin ya gama yaɗuwa aka kai shi, an zaga wajen mai magani ɗaya biyu uku kuɗi sun ƙare jiki ya ƙare. Gyambon Marjolin in an kama shi da wuri ana yanke shi gaba ɗaya a ɗauko fata daga cinya a rufe wurin, in an makara kuma sai maganar yanke ƙafa, wani lokacin ma ya riga ya kai kaluluwa.

Saboda haka duk mai mikin da ya kai wata uku ana magani bai rufe ba, ko tsohon tabon ƙuna da ya fashe, ko bakinsa ya yi tudu ya yi tauri, yana jini da an taɓa, yana wari, 'ya'yansa da 'yan uwansa su ɗauke shi su kai shi Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, kuma kar a tsaya a ɗakin wankin ciwo kawai, a buɗe baki a ce wa likita muna so a ɗauki naman wurin a auna.