Cacar Foka ta Intanet: Me Doka Ta Ce, Kuma a Hannun Wa Kuɗinka Yake?

Assalamu alaikum warahmatullah. Na gode wa shugaban taro, na kuma gode muku ɗalibai da kuka cika zauren nan duk da zafin da ake yi.

Abin da ya haifar da laccar yau, tambaya ce da wani ɗan'uwanku ya tare ni da ita a ƙofar ofis. Ya ce, "Malam, ƙanina yana buga karta a waya, ana zuba kuɗi, kamfanin kuma ba a ƙasar nan yake ba. Doka za ta kama shi?" Na ce masa ya samu wuri ya zauna, don wannan ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce.

Da farko, ga waɗanda ba su san wasan ba. Foka wasan karta ne da mutane ke zama su kara da juna. A raba wa kowa katinsa a rufe, kowa ya riƙa zuba kuɗi a tsakiya, mai ƙarfin kati ya kwashe, ko kuma wanda ya iya tsorata sauran har suka ajiye nasu. Ku lura, ba da kamfani kake karawa ba. Shi kamfani kamashonsa yake yanka daga kowane tarin kuɗi, ka ci ko a cinye ka. Hukuncin addini kuwa a fili yake, ayar Baƙara ta 219 da ta Ma'ida ta 90 sun gama maganar maisir, wato caca, ni ma a kan haka nake. Yau dokar da ɗan Adam ya rubuta za mu duba, kuma babu inda aka fi gwabzawa a kanta kamar Amurka.

A 1961, lokacin Robert Kennedy yana ministan shari'a, Amurka ta yi dokar hana amfani da wayar tarho wajen karɓar caca tsakanin jihohi. Gungun miyagu masu karɓar caca a kan tseren dawakai da wasanni aka nufa da ita, babu wanda ya yi tunanin intanet a lokacin. Da shafukan foka suka ɓullo a ƙarshen shekarun 1990, sai suka kafa sansani a wajen ƙasar, a tsibirai da ƙananan ƙasashe masu saukin ba da lasisi, suna karɓar kuɗin Amurkawa daga nesa. A 2003 wani akawu mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbin shiga gasar foka ta duniya a Las Vegas ta hanyar wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars, ya je ya cinye dala miliyan 2.5. Daga nan matasa suka yi ta tururuwa, kowa yana ganin gobe shi ne.

A ƙarshen Satumba 2006 majalisar dokokin Amurka ta maƙala wata doka a jikin ƙudirin tsaron tashoshin jiragen ruwa, Shugaba George Bush ya sa hannu a Oktoba. A nan nake so ku buɗe kunne. Dokar ba ta ce wanda ya zauna a ɗakinsa ya buga foka ya yi laifi ba. Abin da ta haramta shi ne mai harkar caca ya karɓi kuɗi ta banki ko ta kati don cacar da ta saɓa wa doka, ta kuma ɗora wa bankuna nauyin toshe irin wannan kuɗi. Wato magudanar kuɗin aka bi aka datse. Kamfanin PartyGaming, wanda ya fi kowa girma a lokacin, ya tattara ya bar kasuwar Amurka, darajar hannun jarinsa ta zube da fiye da rabi a rana guda. Wasu kuwa suka ce lauyoyinsu sun tabbatar musu foka ba ta cikin abin da aka hana, suka ci gaba.

To ta yaya kuɗi ke shiga, bayan bankuna sun ƙi? A ranar Juma'a 15 ga Afrilu 2011 amsar ta fito. Ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a Niyok, ƙarƙashin Preet Bharara, ya tuhumi mutum 11 da ke da alaƙa da PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker. Cikin tuhumar har da yaudarar bankuna: an ƙirƙiri shagunan bogi a intanet, kuɗin caca ya riƙa wucewa da sunan cinikin kayan ado da ƙwallon golf. Mutane suka wayi gari, suka buɗe shafin da suka saba, sai tambarin hukumar FBI suka gani. Ba a kama masu buga wasan ba. Amma kuɗinsu fa?

PokerStars ya biya Amurkawan da ke binsa cikin makonni, saboda yana da kuɗin a ajiye. Full Tilt ya kasa. Bayan 'yan watanni masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa a ƙarshen Maris na shekarar, 'yan wasa a duniya suna bin kamfanin kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba, kuma cikin shekaru huɗu masu kamfanin sun raba wa kansu sama da miliyan 440. Lambar da mutum ke gani a allon kwamfutarsa zane ce kawai, a ɗauki kuɗin Audu a biya Tanko. Duk wanda ya ga yadda MMM ta ƙare da mutane a ƙasar nan a ƙarshen 2016 ya san wannan ciwon. Sai da PokerStars ya yi sulhu da gwamnati a 2012 a kan dala miliyan 731, ya sayi Full Tilt, sannan aka samu abin biyan mutane, Amurkawan da ke bin Full Tilt ba su fara ganin kuɗinsu ba sai 2014. Na Absolute Poker sun jira har 2017.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a tambayar ɗan'uwanku. Shi tsoronsa ɗan sanda. Ni tsorona ranar da yaron zai nemi kuɗinsa a ce babu, ya waiwaya ya ga ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Inda doka ta yi shiru, mutane kan ɗauka an ba su dama ne, alhali kariya aka janye musu.

Akwai wata hujja da masu kare wasan ke kawowa, kuma adalci ne mu saurare ta. Suna cewa foka ƙwarewa ce, ba sa'a ba, tunda mutane kaɗan ne ke ci shekara da shekaru. A 2012 wani alƙalin tarayya a Niyok, Jack Weinstein, ya yarda da haka, ya soke hukuncin da aka yi wa wani mai shirya wasan. Shekara ta zagayo, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinsa, ta ce tunda dokar jihar ta ɗauki wasan a matsayin caca, magana ta ƙare. A ganina hujjar ƙwarewa gaskiya ce, amma ba ta taimaki wanda ake son ta taimaka ba. Idan gwani ne ke ci, to kuɗin wa yake ci? Na sabon shiga.

A Disamba 2011 ma'aikatar shari'ar Amurka ta fitar da fassarar cewa dokar 1961 cacar wasanni kaɗai ta shafa. Ƙofa ta buɗe wa jihohi. A 2013 Nevada da New Jersey da Delaware suka fara foka ta intanet da lasisi, daga baya Pennsylvania da Michigan suka biyo. Amma a jihar Washington tun 2006 cacar intanet babban laifi ne a kan shi kansa mai bugawa. Ƙasa ɗaya, waya ɗaya, wasa ɗaya: hukuncin ya danganta da inda ƙafarka take tsaye. Shi ya sa kamfanoni masu lasisi ke bin diddigin wurin da wayar mutum take kafin su bar shi ya zauna a teburi.

Ingila ta ɗauki hanyar halattawa da sa ido, da dokar 2005 da hukumar da ke ba da lasisi, a 2020 kuma ta hana yin caca da katin bashi. Indiya ta bi akasin haka, a 2025 ta haramta wasannin intanet da ake zuba kuɗi a cikinsu.

Mu dawo gida. A Nuwamba 2024, a ƙarar da Jihar Legas da wasu jihohi suka shigar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ta soke aikin dokar tarayya ta 2005 a ko'ina in ban da Abuja. Saboda haka mu ma mun koma irin halin Amurka, jiha ake tambaya. Legas tana da hukumar da ke ba da lasisi. Kano kuwa, da sauran jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, caca laifi ce a dokarsu, kun kuma ga yadda Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024. Lasisin da kamfani ya samo daga wani tsibiri ba ya halatta wa yaron da ke zaune a Fagge komai. In kuma aka riƙe masa kuɗi, gaban wane alƙali zai je? Wanda ya shiga kotun shari'a yana neman kuɗin caca, kansa ya kai ƙara.

Na ga hannu a can. Bismillah, ɗana.

Yana tambaya ne, idan mutum ya yi amfani da manhajar da ke ɓoye inda yake, ya nuna kamar yana wata ƙasa, yaya ke nan? To, laifin da ke kansa a dokar jiharsa yana nan, tunda jikinsa bai motsa ba. Sannan ya saɓa yarjejeniyar da ya amince da ita ranar da ya buɗe asusu, wadda galibi take ba kamfani ikon rufe asusun da riƙe abin da ke ciki. Lokacin zuba kuɗi ba kasafai ake tsananta bincike ba. Ranar cirewa ce za a ce ya kawo katin shaida da takardar da ke nuna adireshinsa, shi kuma takardunsa duk na nan gida ne.

'Yar'uwa a layin baya, ke ma kin ɗaga hannu. A miƙa mata lasifikar.