Salamar Allah a Lokacin Damuwa da Fargaba

Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A wannan bidiyo za mu duba wani nauyi da masu bi da yawa suke ɗauke da shi a ɓoye, wato damuwa mai tsanani da fargabar da ke hana mutum barci, sannan mu ga abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi idan ya yi wa irin wannan mutum alkawarin salama.

Damuwa a kan kuɗin makaranta, ko rashin lafiyar ɗa, ko tafiya a hanyar da ba ta da tsaro, abu ne da kowane mai rai ya sani. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, takan sa jiki ya saki sinadarai irin su adirenalin, sai bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, tafin hannu ya jiƙe da gumi, domin mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Wannan tsari ne mai amfani da Mahalicci ya sa a jikin ɗan Adam. Matsalar takan taso ne idan jiki ya ci gaba da zama cikin shirin gudu alhali haɗarin ya wuce, ko ma babu shi tun farko, har mutum ya kwashe watanni gabansa yana faɗuwa, tunaninsa yana komawa kan abu ɗaya, abinci ba ya shiga, aiki kuma yana gagararsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 301 ne suke fama da wannan larura a faɗin duniya.

Mai bi da ya shiga wannan hali yakan ɗauki kaya biyu. Na farko shi ne ciwon kansa, na biyu kuma shi ne zargin da yake yi wa kansa, ko wanda 'yan'uwa suke yi masa ba da mugun nufi ba. Za a ce masa ya bar wa Allah, ya ƙara addu'a, ya yi azumi, wani ma ya ce da bangaskiyarsa tana da ƙarfi da bai shiga wannan hali ba. Daga nan sai ya daina faɗa wa kowa, ya riƙa zuwa sujada ranar Lahadi da fara'a a fuska, yana amsa gaisuwa da cewa lafiya lau, alhali ya kwana idonsa biyu. A ganinmu wannan kaya na biyu ya fi na farko nauyi, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa kowa shi ba.

Labarin annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19, ya nuna haka a sarari. Iliya bai daɗe da tsayawa shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450 ba, ya ga wuta ta sauko daga sama bisa ga addu'arsa, ya kuma ga ruwan sama ya dawo bayan shekaru na fari. Amma da Yezebel matar sarki Ahab ta aika masa saƙon cewa za ta kashe shi, sai tsoro ya kama shi, ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Babu mai iya cewa wannan mutum bai san ikon Allah ba, domin kwanaki kaɗan da suka wuce ya gan shi da idonsa.

Abin lura shi ne yadda Allah ya bi da shi. Bai tsauta masa ba, bai kuma fara da yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, sannan mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya, aka sake tashinsa karo na biyu aka ce ya ci domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb ne Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma saurari kukansa har sau biyu, kalma a kan kalma, ba tare da ya katse shi ba. Iliya yana ganin shi kaɗai ya rage, wanda shi ne irin tunanin da damuwa take shukawa a zuciya, sai Allah ya gyara masa lissafi, ya ce akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Haka nan ya ba shi aikin da zai koma ya yi, ya kuma ba shi Elisha wanda zai riƙa tafiya tare da shi. Yezebel tana nan a kan mulki lokacin da Iliya ya juya ya kama hanyar komawa, barazanarta kuma ba a janye ta ba.

Ubangiji Yesu da kansa ya ɗanɗani wannan nauyi. Bisharar Markus, sura 14, ta ce a gonar Getsamani ya shiga matsanancin baƙin ciki da damuwa, ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna cewa ransa yana shan wahala har kamar zai mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Ya yi addu'a a ɗauke masa ƙoƙon wahalar, ba a ɗauke ba, amma ya tashi daga wurin ya fuskanci masu kama shi da natsuwa. Idan wanda ba shi da zunubi ya ji irin wannan tashin hankali, har ya furta shi a gaban abokansa, to jin sa ba zunubi ba ne, faɗin sa kuma ba abin kunya ba ne. Haka ma Zabura take cike da kuka. Zabura 13 ta tambayi Allah har sau huɗu sai yaushe, Zabura 88 kuwa ta ƙare ba tare da mai addu'ar ya ga mafita ba, duk da haka an ajiye ta cikin waƙoƙin sujada na jama'ar Allah.

Ayar da aka fi karanta wa mai damuwa ita ce Filibiyawa 4:6 da 7, inda manzo Bulus ya ce kada a damu da komai, sai dai a kai kowace bukata gaban Allah ta wurin addu'a da roƙo tare da godiya, salamar Allah wadda ta wuce dukan fahimta kuwa za ta tsare zukata da tunani cikin Almasihu Yesu. Sau da yawa ana karanta rabin farko kamar doka ce da mai damuwa ya karya. Amma ya kamata a tuna cewa Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wannan wasiƙa, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba, kuma shi ne ya gaya wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta biyu cewa damuwar ikilisiyoyi tana matsa masa kowace rana, har ma a ƙasar Asiya wahala ta kai shi da abokan tafiyarsa ga fid da zuciya ga rayuwa. Saboda haka maganar ta fito daga bakin wanda ya san abin, yana nuna wa 'yan'uwansa inda shi yake kai nasa kayan.

Ayar ba ta yi alkawarin cewa za a biya kowace bukata yadda aka roƙa ba, ba ta kuma ce bugun zuciya zai lafa nan take ba. Abin da ta alkawarta shi ne tsaro ga zuciya da tunani, kuma ana sa mai gadi ne a inda haɗari yake nan bai tafi ba. Tushen wannan salama yana wajen mutum, a cikin abin da Almasihu ya riga ya yi a kan gicciye da kuma alkawarinsa na kasancewa tare da nasa, shi ya sa ba ta dogara ga yadda mutum ya tashi da safe. Mai bi zai iya jin jikinsa yana rawa, a lokaci guda kuma ya san cewa Allah bai yashe shi ba.

A aikace, addu'ar da Bulus yake nufi ita ce wadda take kiran abu da sunansa. Damuwa takan zo a dunƙule, mutum ya ji komai ya lalace, amma idan ya zauna ya ce wa Allah bashin wane ne yake hana shi barci, ko sakamakon gwajin asibiti da yake jira, sai ya iya raba abin da yake da ikon yi a kai yau da abin da ba ya hannunsa. Godiyar da aka haɗa da roƙon kuma tana juya tunani ya tuna taimakon da aka riga aka samu a baya. Wannan ya yi daidai da koyarwar Yesu a Matiyu sura 6, inda ya ce wahalar kowace rana ta ishe ta, kada a ɗora mata ta gobe.

Ba a kuma nufi mutum ya ɗauki wannan kaya shi kaɗai ba, domin Galatiyawa 6:2 ta umarci masu bi su riƙa ɗaukar nauyin juna. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta ga gaskiyar wannan bayan 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan ikilisiyar ne, kuma mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. A cikin ayyukan da ta yi wa mambobinta da suka rasa gidaje da dangi har da tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda mutane suke zama tare su faɗi abin da suka gani, a saurare su. Zumuntar mata da ta matasa a kowace majami'a za su iya yin irin wannan hidima, da sharaɗin cewa abin da ɗan'uwa ya faɗa a asirce ba zai zama labarin unguwa da sunan roƙon addu'a ba.

Akwai kuma lokacin da ya wajaba a je asibiti. Idan damuwar ta ɗauki makonni tana hana mutum barci da aiki, ko tsoro yana auko masa farat ɗaya har ya ji kamar numfashinsa zai ɗauke, likita ne zai iya tantance ko larurar damuwa ce ko wani ciwo ne kamar na zuciya ko ƙarancin jini, domin alamominsu sukan yi kama. Yawan cin goro da shan kofi ma yana ƙara bugun zuciya ga mai wannan larura. Bulus ya kira abokin tafiyarsa Luka ƙaunataccen likita, babu kuwa inda Littafi Mai Tsarki ya sa gaba tsakanin addu'a da magani. A Arewacin Nijeriya akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen da ke duba irin wannan larura, ko ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre, ko ta magani, ko duka biyun. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina sha don an yi masa addu'a ya ji sauƙi, sai ya koma ya shawarci likitan tukuna. Idan kuwa ɗan'uwa ya fara maganar cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da fasto da dangi na kusa, sannan a raka shi asibiti a ranar.